Abin da Manaja Ya Manta a Injina

Jama'a, ku gyara zama, yau bakina cike yake. Wanda bai san ni ba, ga ni a taƙaice: ni ce 'yar fari a gidanmu, ina da ɗan shago a ƙofar gida inda nake buga hoto da rubutu a jikin kofunan shayi da tambulan na ƙarfe masu murfi. Baba yana ce mini Mai Kofi. Sai kuma Manaja, mutumin da duk dangi suka haɗa baki cewa idan na bari ya kuɓuce mini, to sai dai in auri injina.

Manajan me? Ni ma na tambaya. Shagon tayil ne a bakin titi, shi da ma'aikata biyu da fanka mai kuka. Amma idan Gwaggo, yayar Baba, ta ce "Manaja", har lumshe ido take yi, sai ku rantse jirgin sama yake tuƙawa. Ita ta kawo shi gidanmu, ita ke yabon takalminsa, ita ke tuna wa Umma kullum cewa sa'o'ina duk suna goye da ɗa na biyu.

"Yarinya ta zauna tana gasa kofi kamar mai toya abin sayarwa," in ji ta. "Wa zai auri ƙaurin roba?"

Umma ba ta iya musu da yayar mijinta ba. Sai dai ta ce, "Haka ne, Yaya," ta kalle ni da idon roƙo. Baba kuwa ya ce ba zai yi mini dole ba, amma mutum ba zai yi ta sintiri a ƙofar gidansa babu magana. Ranar hutun ƙarshen mako yana son amsa, e ko a'a.

To bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya. E na yi niyyar cewa. Duk da ƙaton agogon da yake ɗaga hannu a gani ko ba a tambaye shi lokaci ba, duk da turaren da ke riga shi shigowa ya kuma ƙi fita bayan ya tafi, zuciyata ta fara saukowa. Yana da wata dariya da ke sa in manta haushinsa. Da safe saƙonsa ke tashe ni: "Gimbiya, kin tashi lafiya? Rana ba ta fito mini ba sai kin amsa." Ina karantawa ina taɓe baki, sannan in sake karantawa.

Mutum ɗayan da na faɗa wa ita ce Auta, 'yar Gwaggo ta ƙarshe, taubashiyata kuma aminiyata. Kullum tana shagona a kan kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da tabaraunta mai zagayayyen baƙin ƙarfe wanda ko wanka ina shakkar tana cire shi. Da na ce mata zan amince, sai ta hau goge gilashin da gefen mayafinta ba tare da ta cire ba.

"Kin tabbata, Yaya?"

"Ke dai ba kya son sa."

"Ni ina ruwana da shi," ta ce. "Mutum sai ka ce kwalbar turare ta yi ƙafa."

Muka yi dariya har da tafawa.

Ana cikin haka wata rana Manaja ya shigo shagon da farar riga mai dogon hannu, guga har tana yankan ido. Ya tsaya yana kallon kwalayen kofuna da firinta da injin gasa hoto, kallon da babba ke yi wa yaro mai gina gidan ƙasa.

"Wannan ɗan wasan naki, koya mini mana. Ai ba zai wuce danna maɓalli ba."

Ɗan wasa. Na haɗiye, na ce bismilla. Na nuna masa yadda ake fitar da hoton a takarda ta musamman, a juye, dama ta koma hagu, don idan ya hau jikin tambulan ya daidaita. Na nuna masa yadda launin ke fitowa a dushe a takardar, kamar tsohon zane, sai zafi ya taɓa shi yake farkawa. Na naɗe tambulan da takardar, na ja ta tsam, na manne da salatif mai jure zafi don kada ta motsa hoton ya yi biyu. Na yi masa bayani cewa tawadar nan ba manne take a sama ba. Zafi ke mayar da ita tururi ta shige cikin fentin jikin ƙarfen, shi ya sa ko an shekara ana wankewa ba ta fita.

Sannan na ɗauko farar takarda mara komai na sake naɗewa a kai.

"Wannan ita ce ba a mantawa," na ce. "Tururin tawada ba gaba kawai yake yi ba, yana ratsa bayan takarda. Idan babu wannan, robar cikin injin za ta sha, kuma ta riƙe."

"Na gane, Gimbiya."

Bai gane komai ba. Lokacin yana duba gemunsa a murfin wani tambulan, yana juya fuska hagu da dama.

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Haba. Mutumin da ke riƙe da shago guda kike koya wa naɗin takarda?"

Na kulle hannun injin, na bar shi da gemunsa.

Ana gobe ranar amsa, na raka Umma asibiti a duba mata ido. Muna kan benci muna jiran layi saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, ina mukullin shago? Akwai abin mamaki da nake son haɗa miki da hannuna."

"Kada ka ƙona mini inji."

"Ki yarda da ni. Da kayana zan zo, ko tsinke ba zan taɓa miki ba."

Na yi murmushi ni kaɗai har Umma ta tambaye ni lafiya. Na rubuta masa cewa mukulli yana wajen Auta, ya karɓa. Wallahi a raina har daɗi na ji. Na ce ashe dai ya fara ganin sana'ata da daraja.

Da muka dawo na leƙa shagon, sai na tarar da shi fes. An share, an goge tebur, an zubar da kwandon shara, kwamfuta babu ko alamar an buɗe wani hoto. Mutumin da bai taɓa ɗauke kofin da ya sha shayi a falonmu ba, shi ne ya yi shara har ƙarƙashin tebur. Na ce oh, so ke nan. Ku dai ku bar ni da wautata.

Washegari da hantsi falon Umma ya cika. Gwaggo ta iso tun da wuri cikin doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, ta baje a kujerar zaman mutum uku ita kaɗai. Auta na gefenta a takure da mayafi ruwan toka, ta rungume jakarta a cinya. Ni na sa shuɗiyar rigar da Umma ta ce tana haska ni, har da jan baki kaɗan. Baba yana ɗakinsa yana jiran a gama shayi in shiga in ba shi amsa.

Manaja ya shigo da kwali naɗe da kyalle mai sheƙi, ya miƙo mini da hannu biyu, agogo a sama.

Tambulan ne fari, da hotona a gaba. Wani hoto ne da ya ɗauko a shafina na sada zumunta, ya rage shi ya zama ɗan ƙarami, ya kuma karkace kaɗan. A ƙasa an rubuta Gimbiyata da jan launi.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kin gani ko? Da hannunsa! Manaja guda ya zauna ya yi miki aikin hannu. Wane namiji ne zai yi wannan a zamanin nan?"

"Ma sha Allah," in ji Umma, idonta har ya kawo ruwa.

Ni ma na ji wani abu ya narke a ƙirjina. Sai dai hannun mai sana'a ba ya karɓar kofi ya tsaya a gaba kawai. Ban ma san na yi ba, na juya shi ta baya, na karkata shi wajen hasken taga.

A bayan, inda ya kamata ya zama fari tas, akwai wata inuwa. Ba ta da ƙarfi, wani zai ce datti ne ya sa yatsa ya goge. Ni na san ba ta goguwa. Na ga lanƙwasar kafaɗa, na ga alamar hannu an tallafe haɓa da shi, irin hoton 'yan matan da ke yin tagumin ƙarya don a ce sun yi kyau. Ni ban taɓa ɗaukar hoto da tagumi ba.

Lissafin bai da wuya: ya manta farar takarda. Kafin ya buga nawa, ya buga na wata, robar ta sha tawadarta, da ya sa nawa sai ta ɗan amayo ta cikin takarda. A shagona, da injina, da wutar da nake biya, ya zauna ya haɗa wa wata kyauta, sannan ya yi mini nawa da ragowar zafi. Ya share ƙasa, ya kwashe takardu, ya goge kwamfuta, ya tafi yana jin shi gwani ne.

"Gimbiya, kin yi shiru," ya ce. "Daɗi ne ya hana ki magana?"

"Daɗi ne," na ce. "Har ma ina so in rama. Ku zo shago duka, in nuna muku wani abu."

"Yanzu?" Gwaggo ta yamutsa fuska. "Babanki na jira, ke kina ta kofi."

"Ba zan daɗe ba, Gwaggo. Kullum kina cewa ba ki san abin da nake yi a ciki ba."

Dalilin da ya sa ban je ni kaɗai na gwada ba shi ne, tawadar da roba ta sha ba ta da yawa. Kowane bugu yana rage ta. Idan na ɓata ta a gwaji, sai in dawo falo da bakina kawai, kuma na san bakin Gwaggo ya fi nawa. Na yanke a raina kowa ya gani tare da ni. Har na shirya kalaman da zan yi wa mai tagumin nan, ko wace ce ita, 'yar shagon kusa da nasu ko wata mai sayen tayil.

Shagon ƙarami ne, muka cushe. Gwaggo ta karɓe kujerar roba tana fifita da gefen mayafi. Umma ta tsaya bakin ƙofa, Auta a bayanta. Manaja ya jingina da tebur yana murmushi, yana jiran a yaba masa shara.

Na kunna injin na jira ya ɗau zafi. Na ɗauko sabon tambulan fari daga kwali, na ɗaga shi sama na juya kowa ya gani babu komai a jikinsa. Na zura shi cikin injin haka nan tsirararsa, na kulle hannun.

"Ba ki sa hoto ba," in ji Manaja. "Ko ni da na koya kwanan nan na san ana sa hoto."

"Akwai hoto a ciki. Kai ka bar mini."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai ajiye shi ba. Ya kalli injin, ya kalli ƙofa. Shagon ya cika da ƙaurin roba mai zafi, wanda Gwaggo ta ce babu mai aurena saboda shi. Na harɗe hannu na tsare shi da ido. Ya ɗaga agogonsa ya duba, karo na farko da na ga yana son sanin lokaci da gaske.

Injin ya yi ƙara. Na sa safar hannu na zaro tambulan ɗin.

Ɓangaren da ya fara fuskantar mu, ga 'yar ƙaramar fuskata a dushe, a karkace.

Gwaggo ta tafa hannu. "To! Ai ke ce! Duk wannan tara mutanen don ki nuna mana kanki? Kai, yaran yanzu."

Manaja ya saki numfashi har da 'yar dariya. Na bar shi ya gama, sannan na juya tambulan ɗin.

Wannan ɓangaren ba ƙarami ba ne. Hoton ya cike jikin daga sama har ƙasa, a miƙe, babu karkata ko kaɗan. Launin ya dushe, amma duk inda baƙi yake ya fito sarai: gira, hannu a ƙarƙashin haɓa, da wasu zagaye biyu baƙaƙe a kan idanu.

Duk kalaman da na shirya suka gudu. Na san tabaraun nan fiye da yadda na san tafin hannuna.

Umma ce ta fara juyawa. Auta ta manne da bango, ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu.

"Injin nan ya lalace," in ji Manaja da sauri. "Ai dama irin waɗannan ƙananan injinan..."

"Injina ba ya ƙirƙirar fuska."

"To gwaji na yi! Tana wajen, na ce bari in gwada da hotonta kada in ɓata naki. Shi ke nan fa, Gimbiya."

"Madalla. Gwajin ya fi aikin kyau. Ina yake?"

"Na jefar."

Ban kalle shi ba. Auta nake kallo, ita da jakar da tun safe ba ta ajiye ba, ita da ke wurgar da jaka a kan gadona tun daga bakin ƙofa.

"Auta," na ce. "Buɗe."

"Kada ki buɗe komai," Gwaggo ta daka mata tsawa. Ta miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Wace irin fitsara ce wannan? Ki tsare ƙanwarki kamar ɓarauniya?"

A nan na tsaya. Gwaggo ba ta tambayi me ke cikin jakar ba. Ba ta kalli Manaja ba, ba ta yi salati ba, ba ta ce 'yata ce wannan ba. Matar da ke salati idan cokali ya faɗi, ta ga fuskar 'yarta a kan abin saurayina ko gezau.

Auta ta zuge jakar. Ta fito da wani tambulan naɗe a cikin ƙaramin tawul, ta kwance. Launi ya fito raɗau, mayafi ruwan hoda, murmushi, tagumi. A ƙasa, da jan launi iri ɗaya da nawa, an rubuta Gimbiyata. Ko wahalar neman wani suna bai yi ba.

Ta cire tabaraunta. Tunda muka girma ban taɓa ganin idonta haka ba, ƙanana, jajaye.

"Ni ya fara gani, Yaya," ta ce. "A gidanmu, ranar da ya kawo tayil. Ni ya ce yana so. Mama ce ta ce ke ce babba, wai kada ki tsufa a shago mutane su yi ta magana. Ta ce ni ina da sauran lokaci, in bar miki."

"Rufe mini baki!" in ji Gwaggo.

"Ta ce in bar miki, na bari. Shi ne bai bari ba."

Jama'a, na ɗauka cin amana ne zai fi yi mini ciwo. Ashe akwai abin da ya fi shi. Sadaka aka yi da ni. Duk watannin nan da nake taɓe baki ina ja masa aji, ina jin ni ce ake bi, ashe ragowa aka ɗebo mini don tausayi. Na tuna dariyar da muka yi da Auta har da tafawa, sai na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

"Yaya," Umma ta ce wa Gwaggo. Ba ta ce haka ne ba wannan karon. "'Yata kika yi wa haka?"

"Taimako na yi! Da na bar ta, wa ya zo? Ku faɗa mini, wa ya zo?"

Manaja ya fara matsawa wajen ƙofa a hankali, yana gyara hannun riga. "Ina ganin maganar ta zama ta cikin gida. Bari in ɗan..."

Bai samu hanya ba. Baba yana tsaye a bakin shagon da silifas ɗinsa na cikin gida, ya gaji da jira ya biyo hayaniya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mai Kofi, tun ɗazu nake zaune. Ina amsata?"

Tambulan ɗin ya huce daidai riƙewa. Na cire safar hannu, na ratsa ta gaban Manaja ban ko shaƙi turarensa ba, na sa wa Baba a hannu ta ɓangaren 'yar ƙaramar fuskata.

"Ga ta, Baba. Ka juya."

Ya juya. Ya daɗe yana kallo, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta. Ya kalli na hannun Auta. Da ya ɗago, ban ga ya nemi Manaja ba, ni ma bai kalle ni ba. Yayarsa ya tsare da ido, wadda tunda aka haife ni ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

"Kowa ya fita," ya ce. "Yaya, ke ki tsaya."